Karatu a Ɗakin Maɗori

Ni tun ina yaro ba ni da gindin zama. Inna takan ce ko tuwo a tsaye nake cin sa, ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. To sai ga ni a wata damina, bayan na gama sakandare, kwance a wani ɗaki a Bungudu, cinyata ta hagu ɗaure cikin karare, ko juyi ba na iya yi sai an zo an juya ni kamar buhun dawa.

Daga kasuwar Tsafe na fito ranar da abin ya faru. Baba ne ya aike ni in dubo masa irin wake. Motoci sun yi wuya saboda wahalar mai, sai na hau bayan kabu-kabu za mu dawo Gusau. Saniya ta ratso titi, mai babur ya kauce mata, muka yi cikin rami. Shi ya tashi yana karkaɗe riga, yana duba fitilar babur ɗinsa. Ni kuwa na ji ƙarar da cinyata ta yi tun kafin in ji zafin.

Ba zafin kaɗai na yi wa kuka ba. A lokacin ba ni da wani buri a duniya sai shiga soja. Kullum bayan sallar asuba sai in fita da gudu daga gidanmu a Tudun Wada, in kama hanyar Wanke inda gonarmu take, in dawo ina tsiyayar gumi, samarin unguwa na tsokanata da sojan da ba bindiga. An ce bayan kaka za a zo ɗaukar kurata, kuma tunda an ba mu jiharmu, mu ma muna da namu kason, ba sai mun je Sakkwato mun tsaya a bayan wasu ba. Kowa kuma ya san abin da ake fara dubawa a wurin ɗauka. A tsayar da kai ne a kalli ƙafafunka.

Yayata, wadda ke koyarwa a firamare, ita ta ce a kai ni asibiti a ɗauki hoton ƙashin. Baba ya ce ko kusa. Yana da dalilinsa, ba zan ɓoye ba. Ƙanensa ya taɓa shiga asibiti da ƙafa biyu ya fito da ɗaya, tun ban san kaina ba, kuma daga ranar ko warin magani Baba ba ya son ji. Ga shi kuma maɗorin Bungudu abokinsa ne, tare aka yi musu kaciya suna yara, tare suka yi jinya a zaure ɗaya. Duk wanda ya san irin wannan abota ya san ba a shiga tsakaninta.

Ba zan tsaya ba da labarin yadda aka ja ƙafar ba. Ƙarti suka danne ni, na kira Inna har muryata ta dushe. Abin da na fi tunawa shi ne kazar. Al'adar gidan ce, duk wanda aka kawo da babbar karaya sai iyayensa su zo da kaza. Da maɗori ya gama da ni, ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya jera karare ya ɗaure da tsumma, sai ya karɓi kazar ya karya mata ƙafa, ta hagu kamar tawa, ya ɗaure da 'yan tsinkaye. Ya ce ranar da ta taka, ni ma ranar zan taka. Kafin nan kuwa ba mai kwance ni, ba mai fitar da ni daga gidan. Aka ɗaure ta a bakin ƙofar ɗakin, inda nake ganinta daga kwance. Baba ya kama hannun abokinsa ya ce, “Ga amana nan.” Sannan ya koma gona, don lokacin noman farko ne.

Ɗakin na ƙasa ne, da 'yar taga ɗaya can sama. In an yi ruwa kusurwa ɗaya na yoyo, in rana ta fito kuma warin man shanu da tsumma ya cika wurin. Na haddace azarar rufin nan, na san wadda gara ta ci da wadda ta lanƙwashe. Da safe ina jin yara na wucewa makaranta, ina jin mata na daka, kowa na zuwa wani wuri ban da ni da kazar. Wallahi akwai ranakun da nake cusa bakin zane a baki don kada in kurma ihu.

Mu biyu ne a ɗakin. Ɗayan wani Alhaji ne mutumin Bilbis, dillalin shanu, wanda bijimi ya take wa ƙwauri a kasuwa. Ya girmi Baba, ga jiki, ga surutu, goro ba ya rabuwa da bakinsa. Bai yi boko ba, amma ban taɓa ganin mutumin da ke da ra'ayi a kan kowane abu kamarsa ba.

Yaya ce ta hana ni haukacewa. Duk Asabar takan shigo motar Bungudu da kwanon abinci da littattafan da ta karɓo haya a wurin wani mai tebur a bakin tasha. Yawancinsu labaran 'yan leƙen asiri ne, da Turanci, sun sha hannu har bangonsu ya yi laushi. Da farko ni kaɗai nake karantawa a zuci. Ran nan Alhaji ya gaji da kallona ya ce, “Kai yaro, mi kaka ci kai ɗai ba ka tayi?” Daga ranar na zama tafinta. In karanta shafi, in juya masa da Hausa, shi kuma ya yanke hukunci.

Kuma hukuncinsa ba sauƙi. Ba mu yi nisa a littafin farko ba ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

“Wanga mutum tun jiya shina gudu. Yaushe yac ci abinci?”

Na ce ba a faɗa ba.

“Ba shi da uwa? Ba wanda ka cigiyar shi?”

Na ce su 'yan leƙen asiri haka suke, ba su da kowa.

Ya tofar da goro ya ce to wannan ba mutum ba ne. Da muka zo inda jarumin ya sauya suna a wani gari, sai ya ce a kasuwarsu in mutum ya sauya suna sau ɗaya, ko akuya ba mai sake saye a hannunsa. Matan da ke cikin littafin kuwa cewa ya yi in tsallake su, amma in na tsallake sai ya tambaya ina yarinyar nan ta shiga. Abu ɗaya ya yarda da shi, yadda mutumin ke kallon takalmin baƙo da hannunsa ya gane ko ƙarya yake yi. Nan Alhaji yakan gyaɗa kai ya ce, “Dillali na, hanya yab ɓace.” Maɗori ma wani lokaci yakan tsaya a bakin ƙofa ya saurara, ya ce ƙaryar Nasara ce, amma ba ya tafiya sai na kai ƙarshen shafi.

Akwai littafi ɗaya da ya fi damun mu. An kama mutumin an kulle shi a wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, a wata ƙasa mai ƙanƙara, ba taga, ba wanda ya san inda yake. Ya soma kankare ginin jikin ƙofa da guntun cokali. Muna cikin wannan, zuciyata na bugawa, na juya shafi sai na ga bango. An yage ƙarshen littafin. Alhaji ya yi wa wanda ya yage Allah ya isa ta fi a ƙirga, ya ce ya rantse wata mai ƙosai ce ta naɗe wa wani a ciki. Daga nan muka samu abin gardama. Shi ya ce mutumin ya fita. Ni na ce a ciki ya mutu. Kullum sai mun taɓa wannan musun, kamar wani ɗan'uwanmu ne aka kulle.

Littafi iri na biyu kawuna ne ya kawo, ƙanen Inna, ma'aikacin gwamnati da aka dawo da shi daga Sakkwato da aka yi sabuwar jiha. Sau ɗaya ya zo dubiya, yana tattare babbar rigarsa kada ta taɓa ƙasa. Ya miƙo mini wani littafi mai bango mai sheƙi da aka raba musu a wajen bita. Ya ce duk mutanen da suka ci gaba a duniya rubuta burinsu suke yi, in daina ɓata lokaci da labaran ƙarya. Na buɗe, ba labari a ciki, tambayoyi ne da layuka fayau. Mene ne burinka. Ina kake son ganin kanka nan da shekara biyar. Me za ka yi yau don ka kusanci burin. Yau! Ni da ko fitsari sai an miƙo mini gwangwani.

Da Kawu ya tafi Alhaji ya ce in karanto masa. Ya saurari tambayoyin baki buɗe.

“To ina labarin?”

Na ce ni zan rubuta.

“Kai za ka rubuta, kai za ka karanta? To mi shi mai littahin ya yi? Duba ka gani, sun sa in sha Allahu?”

Na duba, babu. Ya ce littafin da zai tambayi mutum inda zai kwana nan da shekara biyar bai ce in sha Allahu ba, mahucci ya dace a yi da shi. Kuma mahuccin ya yi da shi, don bangon na da ƙarfi. Amma kafin in ba shi, na rubuta kalma ɗaya a layin farko, soja. Ya ga rubutun ya tambaye ni abin da na sa. Na gaya masa. Bai yi tsokana ba. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da fifita.

Na uku shi ne wanda na raina. Wata Asabar mai tebur bai fito ba, sai Yaya ta ɗauko mini wani ɗan littafin zane-zane daga kabad ɗin makarantarsu, na kimiyya, wanda aka yi don yara, yana bayanin jikin mutum. Na ce mata haba Yaya, ƙafa ce ta karye ba kai ba. Na jefar da shi gefe. Alhaji ya jawo shi da sandarsa, kuma ranar ya samu littafin da yake iya karantawa ba sai da ni ba. Ya yi ta dariya har da hawaye. Ya ce ashe cikin mutum kasuwa ce guda. Abin da ya fi ba shi dariya wasu 'yan ƙananan magina ne da aka zana a cikin karyayyen ƙashi, da kwanon ɗaukar ƙasa a ka, suna cike tsagar.

“Zo ka hwaɗa mini mi suka cewa,” in ji shi.

Na karɓa ina tsaki na soma fassarawa, sai muryata ta yi ƙasa da kanta. Zane biyu ne a shafin. A na farko an jera ƙashin baki da baki, maginan sun cike, ƙafa ta miƙe. A na biyu bakin ƙashin ya goce ya hau kan ɗan'uwansa. Rubutun ya ce su maginan ba sa tambaya ko an jera daidai, inda suka tarar da ƙashi nan suke ginawa, kuma in suka haɗe shi a haka ƙafar takan gajarce. Ya ce akwai ɗan lokaci, kafin ginin ya bushe, da likita zai iya ja ya gyara.

Na ɗaga kai na kalli ƙafafuna a miƙe a kan tabarma. Na daɗe ina ganin ta hagu kamar ta ja baya, ina ce wa kaina kwanciya ce. Na ce, “Alhaji, don Allah duba mini.” Ya zare kara ɗaya daga zanar da ke jingine, ya jawo jiki a zaune har wurina. Ya gwada ta dama daga ƙugu zuwa diddige, ya sa farce ya yi alama. Ya gwada ta hagu. Sai na ga taunar goro ta tsaya. Ya nuna mini ragowar karan, faɗin yatsu biyu da ɗan wani abu.

Da maɗori ya shigo da yamma na gaya masa. Ba zan yi masa ƙazafi ba, bai yi fushi ba. Ya shafa cinyar a hankali, ya ce tsoka ce ta ɗaure, in kumburi ya saɓe za ta saki. Na nuna masa shafin. Ya ɗan kalla, ya yi murmushi, ya ce shi tun kakansa suke wannan aikin, bai taɓa cin karo da magina a cikin ƙafar kowa ba.

Da Baba ya zo na gaya masa shi ma. Na riƙe littafin a gabansa. Ko karɓa bai yi ba.

“Littahin yara na,” ya ce. “So kake in je in ce ma abokina zanen 'yan makaranta ya hi shi sanin ƙashi?”

Ranar na fara ɗaga wa mahaifina murya. Na ce ƙafata ce, ba ta abokinsa ba. Na ce in ta gajarce ba mai ɗaukata soja. Na yi kuka kamar ƙaramin yaro, majina da hawaye. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya leƙa kwanon ruwan kazar, ya fita.

Can sai Alhaji ya matso ya rage murya, ya ce, “To mu yi irin na mutumenka na cikin littahi.”

Shi ya tsara komai, kuma na ga yana jin daɗin abin fiye da yadda ya kamata. Ranar Juma'a, in maza sun tafi masallaci, gidan ba kowa sai mata a can ciki. Yaya za ta zo da motar haya, ta tsaya a bayan gida ba a ƙofa ba. Za a cire ƙyauren ɗakinmu, wanda dama da igiya yake rataye, a ɗora ni a kai. Shi kuma zai yi ta nishi yana kiran a kawo masa ruwan zafi, don ya ɗauke hankalin matan. Kafin a sallame sallah mun kama hanyar Gusau. Da Yaya ta zo muka gaya mata. Ta kalli karan da alamar farcen, ta kalli zanen, idonta ya kawo ruwa. Ta ce to.

Abin da muka manta, ni da Alhaji da duk wayonmu, shi ne abin da shi kansa ya fara lura da shi. Mutumin cikin littafi ba shi da uwa. Yaya kuwa tana da ita, kuma ba ta taɓa yin abu ba ta gaya mata ba. Inna ita ma, tun da aka kawo ta gidan, ba ta taɓa kwana da maganar da ta ɓoye wa Baba ba.

Ranar Juma'a na ji maza sun fita, na ji gidan ya yi shiru. Alhaji ya soma gyaran murya. Sai ga ƙarar mota a bayan gida. Na ɗaga kaina a kan gwiwar hannu, zuciyata kamar ta fito. Na ji takun mutum ɗaya, sannan sallama. Muryar Baba ce.

Ya shigo ya zauna a bakin ƙofa, kusa da kazar. Ƙafafunsa duk taɓon gona. Na shirya jin faɗa, amma bai yi ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce ya bar Yaya a gida tana kuka. Ya ce shi ya wanke ƙanensa a ranar da aka sallamo shi daga asibiti, shi ya ga inda aka yanke.

“Na ji abin da kac ce,” in ji shi. “Ko gaskiya na, gara in gan ka da ƙahwa biyu, ɗaya ta hi ɗaya, da in gan ka da guda. Kuma na ba da amana. Ba ni ɗauke ka a bayan idon mutum shina masallaci.”

Na ce, “Baba, hoto kawai za su ɗauka.”

Ya ce, “Haka sunka ce muna wancan karon.”

Alhaji ya buɗe baki zai sa baki, Baba ya ce masa, cikin ladabi, Allah ya ƙara sauƙi. Ya fita ya sallami direban. Ina kwance na ji an tayar da motar, na ji ta juya, na bi ƙararta da kunne har ta ɓace a hanyar Gusau. Ban taɓa jin ɗakin ya matse ni kamar wannan ranar ba. Ƙyauren da za a ɗora ni a kai yana nan rataye da igiyarsa.

Daga nan na daina karatu. Yaya ta ci gaba da kawo littattafai, suna taruwa a gefen tabarma. Alhaji ya yi lallashi, ya yi tsokana, har cewa ya yi zai ba ni ɗan maraƙi in na ƙarasa masa wani labari, na juya fuska bango. Ina kwance ina ji a jikina maginan nan suna aikinsu, suna cikewa, ba wanda zai ce musu su dakata.

Alhaji aka fara sallama, kuma tasa ƙafar ta miƙe sambal, wannan gaskiya ce. Ranar da 'ya'yansa suka zo ɗaukarsa, ya tsaya a kaina yana dogara sanda, ya ajiye mini mahuccinsa a ƙirji.

“Na ce maka mutumen nan ya hita,” ya ce.

Na riƙe mahuccin ina kallon azara har suka fita.

Bayan tafiyarsa ni da kazar kaɗai muka rage. Wata safiya, gero ya soma fitar da kai, na ga ta miƙe ta taka zuwa kwanon ruwa. Matan gidan suka yi guɗa. Maɗori ya zo da fara'arsa ya kwance ta, sannan ya kwance ni. Kowa na cewa kaza ta taka, kaza ta taka. Ni kuwa da na fi kowa kallonta na ga yadda take takawar, tana dangyasawa gefe ɗaya. Aka ɗaga ni aka ba ni sanda. Na tsaya, kafaɗata ta hagu ta yi ƙasa.

Duk da haka da aka zo ɗaukar kurata bayan kaka na je. Taurin kai ne, na sani. Na shiga layi da gajeren wando, na ɗan ɗage diddigen hagu don in yi daidai. Tun kafin a fara gudu wani soja mai igiya a hannun riga ya kira ni gefe, ya ce in yi tafiya zuwa wata bishiya in dawo. Na je na dawo. Bai wulaƙanta ni ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Ɗan'uwa, koma gida.” Daga baya Yaya ta kai ni asibiti aka ɗauki hoton. Likita ya ɗaga shi a hasken taga, sai ga zane na biyu na littafin yara, ba abin da ya rage sai maginan. Ya ce ya riga ya haɗe.

Na koma gida na zauna. Tsakanina da Baba sai gaisuwa, ita ma a taƙaice. Kazar an ba mu ita mun taho da ita, Inna ta hana a yanka, tana ta ɗingishinta a tsakar gida. Na lura in Baba zai fita yakan watsa mata tsaba, amma ba ya kallonta.

Wata rana na tashi zan fita na nemi takalmina na hagu na rasa. Na birkita ɗaki, na zargi kowa, na yi ta masifa har Inna ta ce in ji tsoron Allah. Bayan la'asar sai ga Baba ya shigo da leda a hannu. Ya zauna a kan tabarma a tsakar gida, ya ajiye ledar, ya ce in ɗauko masa littafin nan mai zane.

Na ɗauko. Bai iya karatun boko ba, amma bai nemi in nuna masa ba. Ya yi ta juya shafukan da manyan yatsunsa har ya iso wurin. Ya ɗora yatsa a kan ƙashin da ya hau kan ɗan'uwansa.

“Nan na?”

Na ce, “Nan ne.”

Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Da na bari an kai ka ran Juma'ar nan, da sun gyara?”

Na daɗe ina jiran wannan tambayar. Na tanadi amsarta tun a Bungudu, na maimaita ta a zuci har na haddace. Amma da na kalli furfurar da ke ƙeyarsa, da yatsan nan da ke kan takarda, sai na ji ba zan iya ba.

Na ce, “Littafin yara ne, Baba. Kada ka biye masa.”

Bai rufe littafin ba. Ya miƙa ɗaya hannun ya buɗe ledar, ya ciro takalmina. Ya kai wa mai gyaran takalma a kasuwa an ƙara masa dunduniya da guntun taya, an ɗinke tsaf, an shafa baƙin mai don kada a gane. Bai taɓa gwada ƙafata ba, amma kaurin tayar faɗin yatsu biyu ne da ɗan wani abu.

“Sa in gani,” ya ce.

Na sa. Na taka zuwa zaure na dawo. Tun da na bar Bungudu ranar ce kafaɗuna suka fara tsayawa daidai. Shi bai kalli fuskata ba, ƙafafun yake kallo.

“Sake,” ya ce.

Na sake zuwa na dawo. Inna ta tsaya a bakin madafa da muciya a hannu.

“Sake.”

Haka na yi ta zuwa zaure ina dawowa, shi yana zaune da littafin buɗe a cinyarsa, har aka kira magariba.